Hancin Mai Turare

"Sake faɗa in ji!" Fiddausi ta ce daga bakin ƙofa, gyalenta a hannu.

Zakari ya ɗago kai daga kan tabarma a gajiye. "Cewa na yi kin yi ƙamshi, Fiddo. Humrar nan ta yi."

"Wace humra? Tun hantsi nake dakan daddawa! Kwana biyar ban shafa komai ba, kwana biyar kana cewa na yi ƙamshi!"

Ya kau da kai.

Wata takwas ke nan da aurensu. Shi ne mai haɗa turare a shagon mahaifinsa, Alhaji Mati, a Ƙofar Durbi. A da, in ta gifta ta gabansa sai ya lumshe ido ya jero mata: farce, sandal, ɗan miski. In an yi ruwan farko kuwa, yakan rantse ƙasar unguwar Kambarawa da ta Durbi ba ƙamshinsu ɗaya ba.

"In ka gaji da ni ka faɗa. Gidanmu ba nisa. Amma kada ka riƙa yaba ni kamar baƙuwa."

"Zauna, masoyiyata... don Allah."

Ba ta zauna ba.

"Kin tuna murar da ta kwantar da ni da damina? Tun daga nan ban sake jin ƙamshin komai ba. Ko wari. In na shiga shago, kamar na shiga ɗakin da babu kowa."

Gyalen ya zame daga hannunta.

"Na je asibiti a ɓoye. Likita ya ce ciwon ya daɗe da tafiya, sojojin jikina ne suka ƙi barin cikin hancin. Suna can suna ta faɗa da abokin gabar da ba ya nan, suna tattake jijiyoyin ƙamshi. Wani lokaci, Fiddo, sai in ji tausayinsu. Ba wanda ya gaya masu an gama yaƙi..."

"Zai dawo?"

"Ya ce wataƙila. In riƙa shaƙar abubuwa masu ƙarfi safe da yamma, wata da watanni. Na yi kwana uku na gaji."

"To turaren mutane fa?"

"Da ƙirgen ɗigo nake haɗawa. Jiya wata Hajiya ta maido kwalba, ta ce ba hannuna ba ne." Ya share ido. "Baba ido ya tafi, ƙafa ta tafi. Abin da ya rage mashi, ya zauna ƙofar shago yana gaya ma mutane ɗanshi ya gaji hancinshi. Mi zan ce mashi?"

"Shi ka ɓoye mawa. Ni fa? Ni mi na yi?"

"In na gaya maki, Umma ta ji. In Umma ta ji, Durbi ta ji kafin magariba."

Dariya ta kubce mata a tsakiyar kuka. "Allah ya shirye ka! Uwar tawa?"

Ta shige kicin. Ya ji ƙarar gwangwanaye. Ta dawo da faranti ɗauke da kanumfari, citta da ɓawon lemu, ta durƙusa a gabansa.

"Daga gobe kwalaben su riƙa biyowa ta nan kafin su je shago. Nawa hancin lafiya lau yake. Baba kuma tare za mu gaya mashi, ran Juma'a."

Ta murje kanumfari ɗaya, ta kai masa hanci.

"Shaƙa."

Ya ja numfashi mai tsawo. Ya girgiza kai. "Babu komai, Fiddo."

"Na ji," ta ce, ta ɗauko cittar. "Saura wannan."