Littafin da Ya Nemi Sunan Ɗan Fari

Littafi kawai na je saye, wallahi. Ranar wata Alhamis ce cikin sanyin Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa a New York tun ƙarfe huɗu da rabi. Na tashi daga gidan tsohuwar da nake jinya a Harlem. Maimakon in hau jirgin ƙasa na layin D in koma gida a Grand Concourse, sai na bi 125th Street ina leƙa shaguna.

Wata bakwai ke nan ɗana na fari ya bar Agadas zai shiga Libiya. Ba waya, ba saƙo. Na yi sadaka, na sa an sauke Alƙur'ani a Damagaram, shiru kake ji. Ran nan Afua, 'yar Gana da muke karɓa-karɓar aiki, ta iske ni ina kuka a kicin.

"Zaituna, yaron nan zai kashe ki," in ji ta. "Akwai katin da Turawa ke ce wa tarot. Sayi littafin 'yan koyo ki gwada. Ba bokanci ba ne, wai don mutum ya san kansa ne."

Na ce mata a'uzu billahi. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Shagon yana ƙasa, tsakanin wurin kitso da mai sayar da waya. Shekara uku ina bin hanyar, ban taɓa ganin matakalar nan ba. Innarmu ta hana mu shiga baƙon wuri da almuru. Na tuna, na kuma sauka.

Ciki ɗumi. Warin tsohuwar takarda, da wani ƙauri kamar ana babbakar kan akuya. Bututun ɗumama ɗaki yana ƙwas, ƙwas. Ban ga kowa ba, amma baki ya saba, sai na yi sallama.

"Wa alaikumus salam, 'yar Damagaram."

Wata tsohuwa ce a bayan kantar shagon, lulluɓe da baƙin mayafi. Hausarta irin ta kakanninmu.

"Me ke tafe da ke?"

"Duba kawai na zo yi, Iya."

Ni nufina in dudduba littattafai. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

"Madalla," ta ce a hankali. "Da bakinki kika ce duba."

A sama ƙofa ta rufe.

Ta jera littafi uku. Mai ruwan zinariya, ta ce na masu neman miji ne. Mai kauri, na masu son sanin kansu. Ta ɗora yatsa kan na ukun, siriri, bangonsa ba rubutu.

"Ke ba kanki kika zo nema ba. Wannan ne na 'yan koyo irinki."

Na buɗe. Rairayi ya zubo daga tsakanin shafuka, mai zafi, kamar yanzu aka ɗebo shi daga rana. Kati ɗaya ya faɗo. Hoton mutum kwance a gindin tayar mota, jarkar ruwa a kife kusa da shi. Rigar jikinsa ni na saye ta, a kan titin nan.

Ƙirjin hoton yana motsi.

Na kama bakin kantar ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Iya, don Allah, yana raye? Ina yake? Ki ɗauki raina in kina so!"

"Ba ranki nake so ba," ta raɗa. "Darasin farko. Faɗi sunansa, na yanka. In je in ɗauko shi."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

Sunan ya ƙi fita.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Shekara ashirin da huɗu harshena bai taɓa furta shi ba. Ko a ofis, takarda nake miƙawa su karanta da kansu. Dattijo nake ce masa. Ku ma da nake ba ku labari, ba za ku ji sunan ba.

"Faɗi."

Ƙwas, ƙwas. Ba bututu ba ne. Daga ƙarƙashin kantar sautin yake fitowa, inda ƙafafunta suke.

"Faɗi!"

"Dattijo," na ce.

Ta tauna sunan kamar goro.

"Wannan na aro ne. Amma na karɓa."

Mayafin ya fara tsawo, ya doshi silin. Nan take wayata ta ɗauki kiran sallar magariba daga cikin jaka. Fitila ta yi far-far. Na jefar da littafin, na haye matakala da rarrafe, na doki ƙofa da kafaɗa.

Sai ga ni a titi, motoci na wucewa, wani yana sayar da safar hannu. Na waiga. Bango ne kawai. Takalmana cike da rairayi.

Kwana tara bayan haka, waya ta shigo daga Dirku, can cikin saharar Nijar. Muryar ɗana ce. Ya ce an tsare su a Libiya, suka gudo, mota ta mutu musu a sahara. Daren wata Alhamis suna kwance ƙishirwa ta gama da su, wata tsohuwa ta ratsa tsakaninsu tana kiran sunaye. Duk wanda ya amsa ya tashi ya bi ta. Shi aka kira shi Dattijo, bai amsa ba, don mutum ɗaya ke kiransa haka a duniya, kuma ba muryarta ba ce.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Dattijo."

"Inna? Kin yi shiru."

Na sake faɗa, da ƙarfi. Komai yana ji, ban da kalmar nan, Dattijo. Har yau haka ne. Sunan yanka kuwa, a da kunya ce ta hana ni, yanzu tsoro ne, don ban san wa ke saurare ba.

Ɗana yana raye a Damagaram, har ya yi aure. Duk Juma'a ina kiransa, ya ɗauka, in ce, "Kai, kana ji na?"