Mazaunin Tsohon Faifai

Bayan magariba ne, Talata ko Laraba, na manta. Wani mai buga takardu yana zaune a falo, 'yarsa Auta tana fama da kwamfutar marigayiya mahaifiyarta. Shekara uku ba a kunna ta ba, faifan ajiyar bayanai da ke cikinta ya gaji, ya kasa tayar da ita. Auta ta sayo faifan waje, ɗan ƙarami kamar sabulu, ta ɗora masa manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta jona shi da waya. Kwamfutar ta farka. Ta kwashe muryoyin uwarta da ke ajiye ciki, ta mayar kan sabon faifan. Tsohon kuwa ta goge shi tas, ko bisimilla ba ta yi ba.

A daren nan aka fara jifa. Dutse na farko a kan rufi ya faɗo. Na biyu a tsakar ɗaki, alhali taga a rufe take.

Kwana tara ana haka. Uban ya gaji da share duwatsu kowace safiya. Auta ta daina cin abinci, ta daina amsa sunanta, sai ta zauna gaban kwamfutar tana nishi irin na tsofaffi. Ran na goma ya ɗauko wani malami mai ruƙiyya.

Malamin ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe. Muryar dattijo ce, a gajiye.

"Malam, sassauta. Ni ma ban yi barci ba."

"Me ta yi maka?"

"Kango na samu a tsohon faifan nan, shiru, babu mai shiga. Ta rushe min shi ba sallama. Da tsufana ina zan nufa?"

Malamin ya nuna faifan wajen, ya tambayi uban, "Wannan idan an zare shi fa?"

"Sai ta tsaya cak, malam. Daga waje ake tafiyar da ita."

Malamin ya dubi yarinyar, ya jinjina kai. "Ka ji, tsoho. Fita ka bar musu 'yarsu."

"A ba ni ɗan akwatin nan in koma ciki. Amma in na shiga, kada a sake jona shi."

Uban ya sunkuyar da kai. Muryar matarsa ba ta ko'ina a duniya sai cikin faifan nan, kuma tsoron duwatsu bai bar shi ya saurara ba ko sau ɗaya.

"In ji ta tukuna," ya ce, "ko gaisuwa ɗaya."

"Yarinyar ba ta da sauran ƙarfi," in ji malamin.

Uban ya kashe kwamfutar da hannunsa, ya yi bisimilla, ya zare wayar. Auta ta yi atishawa sau uku.

"Baba, yunwa nake ji."

Malamin ya naɗe faifan a hankici ya tafi da shi, ban tuna inda ya binne shi ba. Auta tana cin abinci ta ɗago kai.

"Baba, ka ji Umma kuwa? Har dariyarta na samo maka."

"Na ji," ya ce. "Ci abincinki."