Karen Baba Muir da Ganyen Kwarin Sinawa

Ranar Litinin da safe, tsakiyar watan Afrilu, Baba Alasdair Muir ya buga waya ofishin 'yan sanda na Alexandra ya ce an sace masa kare.

Aikin kurtu ne, amma Sufeto Ngaire Kerr ta ɗauki makullin mota da kanta. Karen, Glen, ba na wasa ba ne. Shi ke tattaro tumakin Baba daga kan tsauni, kuma a makon nan ake sauko da su kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Ban da haka, kowa a ofis ya san Sufeto dalili kawai take nema ta hau tsauni kallon ganye a irin wannan lokaci.

Ban ga laifinta ba. Ƙasarmu busasshiya ce, dutse da ciyawa mai launin toka, sai kaka ta zo, wato watan Afrilu a wajenmu, dogayen bishiyoyin fofula su koma ruwan zinariya. Ba sa canja launi tare. Sanyi daga sama yake saukowa: Kwarin Sinawa, kwazazzabon da Sinawa masu haƙar zinariya suka zauna a da, shi ke farawa, sannan gonaki, bakin kogi na gari kuwa sai ƙarshen wata.

Ta sami Baba a bakin ɗakin karnuka. Ya haura saba'in, yana magana yana tsayawa ya ja numfashi.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe, Baba?"

"Jiya kafin in tafi coci. Na dawo, wayam."

Sufeto ta duba sarƙar. Ba a yanke ta ba, kwancewa aka yi.

"Ina kwanonsa?"

Baba ya waiga. Babu kwano, babu tsohon bargon da karen ke kwanciya a kai.

"Ɓarawon naka mai tausayi ne," in ji ta.

'Yarsa Catriona ta fito da shayi. Ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar matarsa.

"Ke kina ina jiya?"

"Gari na shiga. Na ajiye mota a bakin kogi, na wuni can. Ki tambayi Dwayne mana, shi ne kullum yake shawagi a nan."

Dwayne Pettigrew direba ne, yana kwasar baƙi a ƙaramar bas yana kai su kallon ganye. Sufeto ta same shi a gidan mai yana goge gilashi.

"Ka hau gonar Muir jiya?"

"Ni? Rabona da can tun bara, ranki ya daɗe."

"To ina ka kai baƙin naka? Allon jikin motarka ya ce za su ga zinariya. Duba bakin kogi, kore shar."

Dwayne ya sosa ƙeya. "To, na ɗan leƙa. Mutane sun taso daga Japan, in nuna musu koren ganye? Kwarin Sinawa kaɗai ya nuna. Na san a cikin gonar tsohon yake, kuma ya hana ni. Amma ko shiga ban yi ba, wani ya sa wa ƙofar shingen sabon kwado. Daga bakin wayar shingen suka yi ta ɗaukar hoto, wata tsohuwa har da hawaye."

"Kare fa?"

"Me zan yi da kare? Ko matata ba ta jin kirana."

Sufeto ta koma gona. Motar Catriona na tsaye a bayan rumbu. Ta zagaya ta a hankali, ta sa yatsu ƙarƙashin abin share gilashi, ta zaro ganye, rawaya fes, bai ko bushe ba. Ta ɗaga kai ta dubi bishiyoyin gidan. Sun fara dusashewa, amma da sauransu.

"Catriona, zo ki raka ni. Ki taho da makullin kwadon."

"Wane kwado?"

Sufeto ta ɗora mata ganyen a tafin hannu. "A bakin kogi kika samo wannan? Duk faɗin yankin nan wuri ɗaya ne ya yi wannan launi a yau: Kwarin Sinawa. Na fi shekara ashirin ina bin ganyen nan, 'yar'uwa."

Catriona ta juya. Ta shiga gida ta fito da makulli. Baba ya ce ƙafarsa ƙafarsu.

Kwarin ya cika alkawari. Duwatsu tsirara hagu da dama, sama shuɗiya, a tsakiya kuma bishiyoyin sun tsaya kamar an kunna su. Iska ta kaɗa, ganye ya riƙa zubowa a kan mota. Sufeto ta kashe inji ta zuba ido tana kallo, ta manta da aikin da ya kawo ta, kuma ba ta ji kunyar hakan ba.

Baba ya sa yatsu a baki ya yi fito. Daga wata tsohuwar bukkar dutse haushi ya amsa.

Suna buɗe ƙofa Glen ya yi tsalle ya dafe ƙirjin ubangidansa. A ciki ga bargo, ga kwano cike da nama, ga ruwa.

"Ke ce?" in ji Baba, yana duban 'yarsa.

"Ni ce."

"Don me?"

"Ka faɗa wa Sufeto abin da likita ya ce, Baba. Faɗa mata mana." Catriona ta matso kusa da shi. "Ya ce zuciyarka ba za ta sake ɗaukar hawan nan ba. Na ce mu ɗauki ma'aikata, ka ƙi. Na roƙe ka, ka yi mini dariya. Na san in babu Glen ba za ka hau ba. Mako ɗaya kawai nake so, maƙwabta su sauko da tumakin, in mayar maka da shi."

Baba ya daɗe yana shafa kan karen. "Uwarki ma da haka za ta yi," ya ce. "Sai dai ita ba za a kama ta ba."

"Baba, ka ji abin da ta ce?" in ji Sufeto.

"Na ji, 'yar nan. Ban kurumce ba tukuna."

Sufeto ta ji matar ta burge ta ƙwarai, amma an shigar da ƙara, kuma an yi wa hukuma ƙarya. "Sai kin biyo ni ofis kin ba da bayani, Catriona. Ba zan sa miki ankwa ba. Baba, shiga mu sauke ka a gida."

"Ku je. Zan tako a hankali."

Motar ta juya ta kama gangara. A madubi Sufeto ta ga tsohon ya gyara hula, ya ɗauki sanda. Bai nufi gida ba. Ya bi ta ƙarƙashin bishiyoyin ya kama hanyar tsauni, karen na gaba.

Sufeto ta ɗaga ƙafa daga kan totur.

"Kada ki tsaya," in ji Catriona, idonta a kan hanya, hawaye na zuba. "Na sani. Ya hau."