Koriyar Mota Mai Ƙofa Biyu

Askirim kawai Loretta Sobek ta je sayowa, ta dawo ta tarar da wani saurayi durƙushe a gaban motar babanta, ya rufe ido ɗaya yana leƙen gefenta kamar maharbi. Yammacin Asabar ne, kuma kamar kullum idan zafi ya shigo garin South Bend na Amurka, masu tsofaffin motoci sun cika filin bayan shagon askirim ɗin, kowa ya ɗaga bonet ya kafa kujera yana jiran yabo.

Tasu motar ba sai an ɗaga mata bonet ba. Studebaker ce ƙirar 1953, mai ƙofa biyu, koriya da farin rufi. Doguwa ce, ta kwanta ƙasa, hancinta ya gangara gaba kamar tana shinshinar kwalta. Idan aka sauke gilasan gefe babu ginshiƙin da ya raba su, iska sai ta ratsa ta wuce.

"Wani abu ka yar ne?" in ji Loretta.

Saurayin ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya gyara tabarau. Ya ce sunansa Emmett Varga, kuma layin nan yake bi, wanda ya taso daga fitila, ya bi jikin ƙofa, ya lanƙwasa ya dawo. Ya ce duk wanda ya zana shi bai ɗaga hannu ba sai da ya gama.

Loretta malamar zane ce a firamare, kuma ta daɗe tana faɗar haka ba mai kula ta. Ta tsaya tana kallonsa har askirim ya narke ya gangaro mata a yatsu.

Babanta, Mista Casimir Sobek, yana zaune a inuwa. Mahaifinsa ne ya sayi motar sabuwa dal, lokacin yana aikin ɗaura ƙofofi a masana'antar da ta ƙera ta. Da farko ya ji daɗin yaron, har ya kunna masa injin mai silinda takwas don ya ji gurnaninsa. Sai ya tambaye shi sana'arsa. Emmett bai ɓoye ba, ya ce yana da gareji inda yake cire injin tsofaffin motoci ya sa musu batir da na'urar lantarki.

Tsohon ya kashe motar. Ya ja kujerarsa ya dasa ta tsakanin Emmett da bonet.

Duk da haka lambar wayar Loretta ta riga ta shiga hannun Emmett. Kafin su isa gida saƙo ya shigo:

"Malama, na ga na ɓata wa Baba rai. Amma ban yi nadamar durƙuson ba, don da na ɗago na ga abin da ya fi motar kyau."

Ta yi murmushi ta mayar masa:

"Mai batir, daɗin bakinka ya yi yawa. Ka iya tuƙa mota mai kuloci kuwa?"

Bai iya ba. Ita ta koya masa, a hanyoyin da suka ratsa gonakin masara, giyar tana jikin sitiyari, shi yana gumi, motar tana zabura tana mutuwa, ita tana dariya har da hawaye. Kafin ganye ya fara ja, ta koma "zumata" a bakinsa, shi kuma ya zauna a "mai batir ɗina".

A gida kuwa Baba ya kafe. Mahauci yake kiran Emmett. Ya ce mutumin da zai iya zare wa mota zuciya ya yi barci lafiya ba zai zauna a teburinsa ba. Mama Irene ta yi lallashi har ta gaji. Zaɓin Baba shi ne Royce Tillman, ɗan abokinsa mai sayar da motoci, wanda yakan zo duk Lahadi bayan coci da kek a kwali. Royce yana da jerin tsofaffin motoci a rumfa, a lulluɓe, ba ya hawa ko ɗaya don kada ƙura ta taɓa su. Loretta ta ce wa mamanta ita ba ta son a lulluɓe ta.

Da sanyi ya fara, aka kwantar da Baba a asibiti aka yi masa aikin ƙugu. Loretta tana dawowa daga dubiya sai injin ya soma ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma a ciki. Hankalinta ya tashi. Ba ta gaya wa kowa ba, ta sa aka ja motar zuwa garejin Emmett, ta ce ya duba kawai.

Ranar da aka sallamo Baba, hoto ya shigo wayarsa daga Royce. Ga koriyar motar, bonet a buɗe, cikinta wayam babu inji, ga tulin batura a gefe. Baba ya miƙa wa Loretta wayar, bai ko ɗaga murya ba, ya juya fuskarsa bango. Da faɗa ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta rubuta wa Emmett:

"Cewa na yi ka duba. Amana na ba ka, Emmett. Motar kakana ce."

Amsa ta zo nan take:

"Zumata, ba abin da kike zato ba ne. Ki zo ki gani da idonki, ina roƙonki."

Ba ta je ba. Ya kira ya sake kira, ta kife wayar. Ta yi kwanaki tana koya wa yara zanen gida da rana, zuciyarta a cunkushe.

Baba ne ya gaji da zama. Wata safiya ya ɗauki sandarsa ya ce ta kai shi, yana so ya ga gawar motar da idonsa, ya kuma gaya wa yaron abin da ke ransa.

Suna shiga garejin, Baba ya buɗe baki zai fara, sai ya tsaya. Daga ɗaya ɓangaren, inda hoton bai kai ba, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon tebur. Ga injin nan gaba ɗaya a warware, an wanke kowane ƙarfe yana sheƙi, fistin takwas a jere, ko ƙaramin noti bai ɓata ba. Baturan na wata mota ne daban.

Emmett ya goge hannu ya matso. Ya ce mitali ne, ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansa, ya cinye saboda tsufa, da an ƙara tafiya kaɗan da injin ya tashi daga aiki. Har jihar Ohio ya je ya samo sababbi.

"Wa ya ba ka izinin buɗewa?" in ji Baba.

"Babu, yallaɓai. Na so in gyara kafin ku fito, in burge ku. Kuskure na yi, da na tambaya." Ya dubi Loretta. "Ke ma ki yafe mini. Motocin da injinsu ya mutu nake sa wa batir. Wannan da ransa."

Baba ya ɗauki fistin ɗaya yana jujjuyawa a yatsunsa da sanyin ƙashi ya tanƙware. Ya tambaya me ya hana shi mayarwa. Emmett ya sunkuyar da kai ya ce warwarewa ya iya, amma saita kafireto, mai haɗa fetur da iska, ta hanyar sauraron ƙarar injin, wannan bai taɓa koya ba.

"To jawo mini kujera," in ji tsohon.

Haka suka cinye lokacin ƙanƙara, Baba yana nuni da sanda yana faɗa, Emmett yana ɗaurewa, Loretta tana kawo musu kofi da miyar kabeji daga wurin Mama. Royce ya zo da kek sau ɗaya, Baba ya tambaye shi ko kyamararsa rabin ɗaki kawai take ɗauka. Daga ranar bai sake dawowa ba.

Da ƙanƙara ta narke, Loretta ta murza makulli. Injin ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama gurnani mai taushi, har ana ji a tafin ƙafa. Baba ya rufe ido ya saurara. Emmett ya ga dama ta samu, ya cire hula ya ce akwai wata alfarma da yake nema, ta auren Loretta, wannan karon kuma tambaya zai fara yi.

"Ita ka tambaye ta?" in ji Baba.

"Ya tambaya, Baba," in ji Loretta, tana wasa da sitiyari don kunya. "Na ce sai abin da ka ce."

Baba ya ce shi dai kada a taɓa cire wa wannan motar inji a sa mata batir, yana raye ko ba ya raye. Sauran magana, ya amince.

A watan Yuni aka ɗaura aure a cocin unguwarsu. Rigar amarya ta ƙi shiga motar, sai da Mama da ƙawaye suka yi ta cusa ta ta taga, Loretta tana ciki tana dariya, farin yadi har kan sitiyari. An ci kaza da taliya, an yi rawar polka, Baba ma ya taka da sandarsa.

Da za su tafi, ya leƙa ta gilashi ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan angon.

"Ɗana, ka riƙe mini ita da kyau. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Suka ce amin. Emmett ya riƙe hannun amaryarsa, motar ta ɗauke su a hankali, jama'a suna bin su da tafi da addu'a har suka sha kwana.