Wa Ya Wanke Majid?

Hantsi ya ɗaga a kan tudun Nakkasa, a birnin Makka. Raliya tana tsaye a kicin, dama tana juya miyar kuɓewa, hagu tana riƙe da jawwal, wato wayar hannu, kunnenta yana wajen wata mata da ke koyar da Japananci a ciki.

"Tsukareta toki wa, neru ni kagiru," ta maimaita, ta sake maimaitawa.

"Ke da wa kike surutu?" muryar Umma ta fito daga ɗaki.

"Darasi ne, ya Umma. Wai in mutumin Japan zai ba ka shawarar da ya yi imani da ita, sai ya ce babu kamar abu kaza. Wannan cewa take, in an gaji babu kamar barci."

"Tayyib! To ni ma ga tawa, ki juya mata da yarenta — ga ɗan Musulmi babu kamar ya mutu a Makka!"

Raliya ta kashe jawwal ɗin. Ta san inda maganar ta dosa.

Umma, wato Hajiya Mailafiya, ita ce mai wankan gawar mata a unguwar tun Raliya ba ta zo duniya ba. Kakanta a ƙafa ya zo daga Kano, bai koma ba. Mijinta da ya rasu a Harami aka sallace shi, kuma da wannan take rarrashin kanta. 'Ya'ya biyu Allah ya ba ta, Majid da Raliya. Babban, Majid, yaro mai rawar kai da yawan dariya, ya matsa sai ya je China sarin kaya. Ta hana, ta hana, har ta gaji ta bar shi. Bai daɗe da tafiya ba wani baƙo ya bugo waya da gurguwar Larabci, ya ce zazzaɓi ne, har an binne. Iyakar labarin ke nan. Ba ta san wa ya wanke shi ba, ba ta ma san ko an wanke shi ba, ita da ta wanke 'ya'yan mutane ba adadi.

Tun daga nan Umma ba ta koma daidai ba. In aka idar da salla a Harami aka yi kiran sallar gawa, sai ta damƙe hannun Raliya kamar za ta karya shi. Ga unguwa ana ta rushewa. Gidajen da ke ƙasa da nasu duk an shafa musu jan fenti alamar rushewa, masu su sun watse, an bar ƙofofi a hangame iska tana buga su. Da rana tsaka Umma takan tsaya a taga ta ƙura wa kangon nan ido.

"Ga Majid can a ƙofar gidan su Ɗaso," takan ce. "Duk jikinsa ƙura, ko likkafani babu. Ruwa yake nema."

Raliya ta leƙa, ba kowa sai kyanwa. Tun tana cewa idon Umma ne ke mata gizo, har ita ma ta daina bin layin ita kaɗai.

Ana cikin haka Nu'uman ya shigo rayuwarsu. Ɗan Zariya ne, yana shekarar ƙarshe a karatun Shari'a, dogo mai sanyin magana, irin mutanen nan da ko kai ka taka su, su ne za su ba ka haƙuri. A shagon Kawu Mukhtaru, ƙanin mahaifin Raliya, da ke unguwar Zahir, ya fara ganin ta, kuma bai tsaya kewaye-kewaye ba ya nemi izini. Umma ta so shi ƙwarai, har dambu take aika masa duk Juma'a. Sai ranar da ya faɗi gaskiya: wani abokin karatunsa ɗan Japan ya samo masa aikin koyar da yara a wani ƙaramin masallaci a ƙasarsu, kuma da matarsa yake son tafiya. Daga ranar bai sake ganin dambu ba.

"Ɗaya na bari ya fita, ban ga ko gawarsa ba!" Umma ta ce wa Raliya. "Iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, in ta mutu kina can, wa zai bar ki ki dawo? Kuma wankan da na koya miki tun kina budurwa ƙarama, don wa na koya miki? In na faɗi wa zai wanke ni? Halas, shi ke nan, maganar nan ta mutu!"

Kawu Mukhtaru kuwa, mutum ne da ba ya son a ja zance. Ya kira Raliya gefe ya ce, "Ni ne waliyyinki. In kin ce a ɗaura, Juma'ar nan sai a ɗaura. Uwarki ta yi fushinta ta huce."

Raliya ta sha kuka ta ƙoshi, sannan ta kira Nu'uman ta gaya masa.

"Ke me kika ce?" ya tambaya.

"Wallahi ina son ka, Nu'uman, son da ban san ina da irinsa ba. Amma ba zan hau jirgi Umma tana kuka a bayana ba."

Sai ya ce, "Karatuna ya kusa ƙarewa, Raliya. Ranar da ya ƙare, zamana a ƙasar nan ya ƙare."

"Na sani."

"To malamarki ta jawwal, me ta ce mutum ya faɗa in dabara ta ƙare masa?"

Dariya ta ƙwace mata cikin hawaye. "Matsu shika nai. Wai ba abin yi sai jira."

"Oke, mu jira ɗin. Ni ma ba na son in ɗauki matar da ba a sa mata albarka ba."

Haka watanni suka yi ta tafiya. Raliya ta rame, ta daina kwalliya, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa Umma murya ba. Ita ce girki, ita ce rakiya Harami, ita ce janyo ta daga bakin taga. Darasin dai ba ta daina ba. Kada ku tambaye ni dalili, ku tambayi wanda ya taɓa so.

A cikin Sha'aban wasu 'yan Japan suka zo Umara aka sauke su a unguwar Aziziyya, Nu'uman yana taimaka musu da zirga-zirga. A cikinsu akwai wata tsohuwa da ta musulunta da girmanta ta ɗauki sunan Hauwa. Ita ba tsaraba ta dame ta ba. So take a koya mata wankan gawar mace. Nu'uman ya rasa yadda zai yi, dole ya gaya wa Raliya, yana ta rantsuwa cewa ba dabara ya shirya ba. Ita ma ba ta ɓoye wa Umma ta hannun wa maganar ta zo ba.

Umma ta taɓe baki. "Ba a hana mai son koyon wanka. Ta zo. Shi kuma ya tsaya a gindin tudu."

Hauwa ta zo, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta cire takalmanta ta jera su tsaf, ta sunkuya ta yi sallama. Umma ta naɗe dogon matashin kai da zane a matsayin mamaciya, ta ajiye buta, dakakken ganyen magarya, kafur da farin yadi. Ta nuna yadda ake suturta jiki, a yi alwala, a fara da dama, a gama da ruwan kafur. Raliya tana fassarawa, inda kalma ta ƙare mata ta cika da hannu. Komai yana tafiya lafiya har aka zo kan gashi, Umma ta ce a raba shi uku a kitse a mayar baya. Nan tsohuwar ta rufe fuska da tafukanta, kafaɗunta suna rawa.

"Me na ce mata?" Umma ta tambaya a tsorace.

Hauwa ta fara magana a hankali, Raliya tana bin ta guntu-guntu.

"Ta ce a ƙasarsu ƙone gawa ake yi, kusan kowa da kowa."

"Inna lillahi!"

"Musulmin garinsu ba su da yawa. Bara wata ɗaliba baƙuwa ta rasu a asibiti, ba uwa ba dangi a kusa. Maza suka yi ta faɗi-tashi har aka sami inda za a binne ta. Amma ba macen da ta iya wanka. Su uku suka shiga, suna kallon bidiyo a waya, suna zuba ruwa suna kuka." Raliya ta juya ta kalli Umma. "Ta ce ba su kitse mata gashin ba, ya Umma. Tun daga nan yarinyar take zuwar mata, ta tsaya a bakin ƙofa gashi a warwatse, ba ta cewa komai."

Fuskar Umma ta canja.

"Tambaye ta — ta san yarinyar?"

"Ba ta taɓa ganinta ba sai ranar."

"To me ya kai ta?"

Amsar Hauwa gajeriya ce. Raliya ta juya ta a hankali.

"Ta ce ta tuna yarinyar tana da uwa a wani wuri."

Umma ta kama hannuwan tsohuwar nan biyu ta ɗora su a kan idanunta. "Gaya mata wankanta ya yi! Kitso ba farilla ba ne. Gaya mata yarinyar ta huta, ita ma ta huta." Sai ta ɗago ta dube ta. "Ashe akwai irinku a can... Ashe Majid ɗina ma, wani ya..."

Ba ta iya ƙarasawa ba. Kukan da ta riƙe tun ranar wayar nan shi ya ɓalle mata, suka rungume juna ita da matar da ba sa jin yaren juna, Raliya tana gefe tana nata.

Bayan baƙuwar ta tafi, Umma ta daɗe zaune tana naɗe farin yadin tana warwarewa.

"Mata nawa suka iya wanka a garin nasu?"

"Yanzu dai ita kaɗai, da abin da ta koya yau."

"Yini ɗaya ba ya koyar da wanka." Ta share ido da bakin mayafi. "Kira min yaron nan, ya hawo."

Nu'uman ya hawo yana haki, ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

"Ni a Makka nake," Umma ta ce. "In na faɗi yau, kafin ku ankara matan da na koya wa sun cika ɗakin nan. Na ba ka ita, ya waladi, ɗana. Ba wai na daina jin tsoron ba ne — wallahi ina jin sa har cikin ƙashina. Amma ba na son wata uwa ta zauna shekara da shekaru tana tambayar abin da nake tambaya."

Raliya ta faɗa kan cinyarta. "Umma, in ya zo ban sami dawowa ba fa?"

Umma ta shafa kanta. "Duk tsohuwar da aka kawo gabanki, ki wanke ta kamar ni ce."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura auren, Umma da hannunta ta sa wa 'yarta lalle, tana kuka tana sa albarka. Raliya ta tafi da mijin da take so, ta kuma tafi da yardar mahaifiyarta, abin da ba a samun sa da gaggawa ko da tsiwa. Ku 'yan mata da samari, in so ya haɗa ku da iyaye, ku yi haƙuri da su. Sau da yawa abin da kuke gani taurin kai, ciwo ne da ba su gaya wa kowa ba, kuma Allah ne kaɗai ya san ta hannun wa zai kawo maganinsa.