Auta da Bugun Gefe Uku

Ranar Asabar ce. Akwai hadari, amma ruwa bai sauka ba.

Auta yana shagon Kakansa tun safe. Kaka kafinta ne. A bayan shagon, tsakanin katakai, akwai wani tsohon teburin sinuka. Wani ne ya jefar, Kaka ya ɗauko ya yi masa sababbin ƙafafu. Koren ƙyallensa ya koɗe. Robar gefensa ta bushe.

A kan wannan tebur Auta ya koyi wasa. A kansa kuma ya koyi bugun gefe uku.

Ga yadda bugun yake. Wani lokaci abokin wasa yakan ɓoye maka farar ƙwallo a bayan tasa, ka rasa hanyar kaiwa ga taka. To sai ka aika farar ta bugi gefen tebur, ta koma gefe na biyu, ta koma na uku, sannan ta je ta taɓa taka. Ba da ka ake yi ba. A jikin katakon tebur akwai fararen ɗigo a jere. Su ake ƙirgawa.

"Ina farar take?" in ji Kaka.

"Ɗigo na biyar."

"Ina kake so ta fito a gefe na uku?"

"Na biyu."

"Biyar a debe biyu?"

"Uku."

"To auna na uku. Buga."

Auta ya buga. Farar ta zagaya, tak, tak, tak, ta je ta taɓa jar ƙwallo.

"Tsoho, ka gani?" in ji Auta. "Ka kusa ajiye sandarka!"

"Kai da ko ramin hancinka ba ka iya gogewa ba," in ji Kaka. Ya ci gaba da goga katako.

Auta yana da dalilin zumuɗi. Makarantarsu za ta tura yaro ɗaya gasar makarantu. An tace, an tace, saura shi da wani ɗan ajinsu da ake kira Dogo. Za su kara sau uku: Litinin, Laraba, Juma'a. Wanda ya ci biyu, shi zai tafi.

Da zai koma gida, Kaka ya ce, "Teburin makarantarku sabo ne. Kafin ka buga, ka tambaye shi."

"Tebur yana magana ne?"

"Sa farar a kusurwa. Auna ɗigo na uku. Ka ga inda za ta fito. Amsarsa ke nan."

"To, Kaka," in ji Auta. Amma maganar ta shiga ta wannan kunne, ta fita ta wancan.

Ranar Litinin yara suka cika zauren makaranta. Malamin wasanni ya ce, "Kowa yana da minti biyar ya gwada tebur."

Dogo ya yi nasa gwajin. Auta kuwa ya harɗe hannu.

"Ba na bukata, Malam. Lissafin yana kaina."

Yara suka yi masa tafi. Kansa ya ƙara kumbura.

Wasa ya yi zafi. Can kusa da ƙarshe, Dogo ya ɓoye farar a kusurwa, bayan ƙwallonsa. Auta ya yi murmushi. Ya ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. "Biyar a debe biyu, uku!"

Ya buga. Tak, tak, tak. Farar ta wuce ƙwallonsa da faɗin tafin hannu. Ko kusa ba ta taɓa ba.

Zaure ya fashe da dariya. Dogo ya karɓi bugu, ya share teburin tas.

"Mai lissafi," in ji Dogo, "ko za ka ari yatsuna?"

Auta bai tsaya ko'ina ba sai shagon Kaka. Idonsa ya yi ja.

"Kaka, lissafinka ya kunyata ni!"

Kaka bai ɗaga kai ba. "Ka tambayi teburin?"

"A'a," in ji Auta.

"Zo nan. Danna robar nan da babban yatsanka."

Auta ya danna. Tauri gare ta kamar busasshen fata.

"Ta makaranta fa?"

"Ban taɓa ba."

"To. Sabon ƙyalle santsi gare shi. Sabuwar roba kuma tsalle gare ta. Ƙwallo ba za ta bi hanya ɗaya a kan tebur biyu ba. Lissafi bai yi ƙarya ba. Kai ne ka ji kunyar gwaji."

Auta ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Kaka."

"Haƙuri ba ya cin wasa. Jeka."

Ranar Talata, da aka fita tara, Auta ya je wurin Malam.

"Malam, jiya na yi girman kai. Ina roƙon minti biyar ɗina."

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Na jiya sun wuce. Amma zaure a buɗe yake ga kowa lokacin tara."

Yara suna waje suna ciye-ciye. Auta ya sa farar a kusurwa, ya auna ɗigo na uku, ya buga. Ta fito gaba da inda ya saba. Ya sake. Haka. Ya sake har sau goma. Kowane karo sai ta zarce da rabin ɗigo. Ya rubuta a bayan littafinsa. Cikinsa yana kuka, bai kula ba.

Ranar Laraba ya yi gwajinsa na minti biyar cif. Wani ya yi ihu, "Yau ba lissafi a ka?" Auta ya ci gaba da gwajinsa. Ya ci wasan da ƙyar.

Ranar Juma'a ce ta raba gardama. Saura wa Auta ƙwallo ɗaya, sai baƙar ƙwallo da ake rufe wasa da ita. Dogo ba wawa ba ne. Ya sake ɓoye farar a kusurwa, daidai inda ya ɓoye ranar Litinin.

"Bismillah, mai lissafi," in ji shi.

Zaure ya yi tsit. Auta ya matso bakin tebur. Ya goga wa bakin sandar alli. Wannan karo a zuci ya ƙirga. Biyar a debe biyu, uku. Sai ya gusa da rabin ɗigo, yadda teburin ya gaya masa.

Ya buga a hankali.

Tak. Tak. Tak. Farar ta gangaro, ta taɓa ƙwallonsa, ta tura ta bakin rami. Ta tsaya kamar tana shawara. Sai ta faɗa.

Ihu ya tashi. Auta bai yi tsalle ba. Ya jira aka yi shiru, ya jefa baƙar.

Dogo ya miƙa masa hannu. "Kai, wa ya koya maka wannan?"

"Kakana. Zo gobe da yamma, zai nuna maka."

Malam ya juya ga yara. "Kun gani? Sanin abu bai isa ba. Kome ka iya, in ka zo sabon wuri, ka gwada tukuna. Gwaji ba abin kunya ba ne."

Da Auta ya kai wa Kaka labari, Kaka ya ce, "Uhm." Ya laluba aljihu, ya ba shi sabon alli.

Washegari Auta ya tashi da wuri. Ya taka har zauren da za a yi gasar, ya gaida maigadi, ya nemi izini. Ya danna robar teburin da babban yatsansa. Sannan ya sa farar a kusurwa, ya auna ɗigo na uku.