Geron Gayyar Baba Maikano

A garin Sara ta ƙasar Gwaram, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, gwanar kwaikwayo. In ta ji muryarka sau ɗaya, shi ke nan ta ɗauke. Tana yin tarin ladan, tana yin tallan mai nono, tana yin atishawar hedimasta. Ko akuya ce ta yi kuka sai ta amsa mata.

Maƙwabcinsu Baba Maikano tsohon soja ne. Wasu kan kira shi Saje. Ya dawo daga yaƙin basasa da ƙafa ɗaya. Sai da ya yi wata biyar a asibitin Birnin Kudu kafin ya iya tafiya da sanda.

Damina ta faɗi, 'yan'uwa suka yi masa shuka. Amma ciyawa ta taso tana neman shanye geron. In ba a yi noma cikin satin nan ba, gidansa ba zai ga hatsi ba bana.

Mutanen gari suka ce za su yi masa gayya ranar Asabar. Da ƙyar ya yarda, don mutum ne mai zuciya. To, amma mai gayya shi ke ciyar da 'yan gayya, rumbunsa kuwa wayam. Sai matan unguwa suka haɗa baki. Kowace za ta miƙa wa matarsa Hajjo kwanon gero ta kan danga. A dama fura, a ce daga gidansa ta fito.

Ranar Laraba Inna ta aiki yarinyar da nasu geron. Ta ja mata kunne, ta ce ta miƙa ta dawo, ban da surutu.

Ina fa! Tana leƙawa ta ga ƙawarta Fatsuma, 'yar Baba Maikano, ta yi tagumi. Sai ta tsallaka don ta ba ta dariya. Ta karkace ɗankwali, ta riƙe ƙugu, ta ɗauko muryar wata tsohuwa, Iya Talatu.

"Hajjo, ɓoye, ɓoye! Kada Saje ya gani. Bawan Allah, ai rumbun nan nasa ko ɓera ya yi ƙaura!"

Fatsuma ba ta yi dariya ba. Bayan yarinyar take kallo. Yarinyar ta waiwaya, sai ga Baba Maikano tsaye a kan sandarsa.

Nan take ya ce wa Hajjo ta mayar wa kowa geronsa. Sannan ya aika wa mai unguwa cewa ya fasa gayya, shi ba mabaraci ba ne.

A gida Inna ba ta dake ta ba. Cewa kawai ta yi, "Kwana uku muna rufa wa mutum asiri, ke kin yaye kafin a ƙifta ido." Yarinyar ta ji da ma dukan aka yi mata.

Washegari ta bi ta gefen gonar za ta makaranta. Ciyawa har ta fi geron tsawo. A aji kuma Fatsuma ta koma wani benci.

Malam Salihu ya lura. Da aka fita tara ya kira ta.

"Lafiya? Yau ban ji hedimasta ya yi atishawa a ajin nan ba."

Sai ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai. Malam ya ce mata sojoji irin su Baba Maikano sun bar gida da iyali, sun tafi don ƙasa ta zauna lafiya. Taimaka musu ba sadaka ba ce, godiya ce.

"Kin iya muryar kowa," in ji shi. "Yau je ki yi magana da taki."

Bayan la'asar ta same shi a zaure. Ta durƙusa, ta ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma gayya kam an fasa. Sai ta ce:

"Baba, da za ka tafi yaƙi, ka tambaye mu ko muna son taimako?"

"A'a."

"To mu ma ba mu tambaye ka ba. Malam ya ce godiya muke yi. In ka ƙi, wa za mu gode wa?"

Baba Maikano ya daɗe yana kallonta. Can sai ya yi murmushi.

"Ke 'yar nan, bakinki shi ya ɓata, shi kuma ya gyara. Na yarda. Amma geron nan ya shigo ta zaure. Ina so in ga kowa da idona, in ce masa na gode."

Ranar Asabar gangar noma ta tashi. Baba Maikano ya zauna gindin ɗorawa yana jera manoma a layi kamar kurata, suna ta dariya. Yarinyar da Fatsuma suka yi ta jigilar fura. Kafin azahar gona ta yi fes.

Tun daga ranar yarinyar ta gane ba kowace magana ake wasa da ita ba. Ta kuma gane wanda ya tsaya wa jama'a, ya cancanci jama'a su tsaya masa, cikin mutunci da godiya.